Afsara da Gizago: Abin da Itace Ya Koya wa Rawa

A watan Janairun 2022 gidan adana kayan tarihi na Rubin, wanda yake birnin Niyok a lokacin, ya amince zai mayar wa ƙasar Nefal wani guntun itace da aka sassaƙa tun ƙarni na 14. Siffar mace ce tana shawagi, riƙe da zaren furanni. Daga jikin taga aka ɓamɓare ta a gidan ibada na Itum Bahal da ke Katmandu, ta yi ɓatan dabo a 1999, ta ɓulla a Amurka a 2003. Afsara ce, ɗaya daga cikin 'yan rawan fadar sama a hikayoyin addinin Hindu, waɗanda mabiya Buda su ma suka ara. Sai da ɓarawo ya ɗauke ta sannan duniya ta san da zamanta. Haka rabon afsarar itace yake a ko'ina. Littattafan tarihin fasahar Indiya sukan cika shafuka da ta dutse da ta tagulla, ta itace kuwa a tura ta can ƙarshe, cikin akwatunan kayan ado da ƙafafun gado.

Suka iri biyu ake yi mata. Na farko namu ne na gida: gunki ce, kuma tufafinta bai kai ya kawo ba. Hukuncin sassaƙa mai rai da girke shi a ɗaki malamai sun gama bayaninsa, ba ni da ja, kuma ban ce kowa ya sayo ya ajiye a falo ba. Sai dai nazari daban, mallaka daban. 'Ya'yanmu suna karanta kawunan Nok da na Ife a makaranta, babu wanda ya taɓa yi musu sujada. Ita afsara ma wurinta jikin bango ne, da ƙarƙashin rufi, da gefen karusar biki. Can ɗakin tsakiya inda abin bautarsu yake ba ita ake girkewa ba. Wani abin dariyar shi ne, mutanen da suka zauna gaban finafinan Indiya tun shekarun 1950, daga Kano har Yerwa, sun fi kowa a Afirka sanin tsayuwarta, ba su dai san daga inda aka samo ta ba.

Suka na biyu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. George Birdwood, wanda ya wallafa littafi kan sana'o'in hannu na Indiya a 1880, ya yabi masaƙa da maƙeran ƙasar, amma ya ce ba su da fasaha mai daraja. A 1910, a wani taro a Landan, ya kwatanta wani mutum-mutumin Buda da dafaffen curin kitse da fulawa. E. B. Havell da Ananda Coomaraswamy suka yi masa ca, kuma sun ci nasara, amma dutse da tagulla kawai suka ƙwato. Ragowar ra'ayin Birdwood yana nan manne da itace har yau: wai aikin kafinta ne, kayan 'yan yawon buɗe ido, kwaikwayon dutse mai araha. Ni a ganina an juya maganar ne, an sa ɗa ya haifi uwarsa.

Tarihin a taƙaice yake. Sunan afsara Urwashi ya fito tun a littafin Rigbeda. Menaka ce sarkin allolinsu Indra ya aika ta rikita mai zuhudu Bishwamitra lokacin da ƙarfin ibadarsa ya fara ba shi tsoro, ta haifa masa Shakuntala, wadda Kalidasa ya yi wasan kwaikwayo a kanta. Akwai Ramba, akwai Tilottama. A ƙofar gabas ta wurin ibadar mabiya Buda da ke Sanci, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, an sassaƙa wata mace tana reto a reshen mangwaro. Aljanar bishiya ce, ba afsara ba, amma ita ce kakar tsayuwar. Sarakunan Candela sun cika bangon gidajen bautar Kajuraho da siffofin afsara a ƙarni na 10 da na 11: wannan tana cire ƙaya a tafin ƙafa, waccan tana sa kwalli. Sarki Bishnubardana ya fara ginin gidan bautar Belur a 1117. A wannan ƙarnin ne kuma suka mamaye bangon Angkor Wat a Kambodiya. Duk waɗannan dutse ne. Na itace gara ta ci, damina ta ruɓar, gobara ta lashe. Inda suka tsira shi ne kwarin Katmandu, da gidajen bauta na Kerala, da tsofaffin gidajen attajiran Gujarat, da karusan biki na Tamil Nadu. Mary Slusser, a littafinta na 2010, ta sa an auna shekarun wasu itatuwan Nefal a ɗakin gwaji, aka tarar sun girmi abin da ake zato da ɗaruruwan shekaru.

Abin da nake so a tsaya a kalla shi ne tsayuwar da suke kira tiribanga, lanƙwasa uku. Mai karatu ya miƙe ya gwada. Ɗora nauyinka duka a ƙafar hagu, ka saki ta dama ta gitta ta gaba, yatsunta kaɗai ke taɓa ƙasa. Kwankwaso zai fita hagu da kansa. Don kada ka kifa, ƙirji zai karkata dama. Wuya kuma zai dawo da kai hagu, ya biya bashin da ƙirji ya ci. Gwiwa, ƙugu, wuya: kowace gaɓa tana warware abin da ta ƙasa da ita ta ƙulla. Masassaƙin kafin ya taɓa ƙarfe yakan ja layi miƙaƙƙe daga tsakar ka zuwa ƙasa. A tsayuwar manyan allolinsu layin yana bi ta hanci, ta cibiya, ya sauka tsakanin ƙafafu. A tiribanga jiki yana tserewa layin ta nan, ya dawo, ya tsere ta can, amma tilas layin ya sauka a ƙafar da ke ɗauke da nauyi ko dab da ita. In ya kauce, ido zai ji tana faɗuwa ko da mai kallo bai san dalili ba. Awon jiki kuwa da tsawon fuska ake yinsa, su ce tala, yatsu 12, a jera shi sau takwas ko tara ko goma gwargwadon darajar wanda ake sassaƙawa.

Wannan duk wanda ya yi rubutu a kan dutse ya faɗe shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke faruwa idan aka kawo tsayuwar gaban gungume. Itace yana da jijiya, zare-zare ne miƙe daga saiwa zuwa reshe. Ta tsawonsa sai ya ɗauki rufin gida. Ta gicciye kuwa, in ya yi siriri, yaro ma sai ya ɓalle shi. Idan ka sassaƙa hannu ya miƙe gefe daga gungumen da ke tsaye, jijiyar da ke cikin hannun gajeru ne, a gicciye suke, ranar da hunturu ya busa za ka tsinci tafin a ƙasa. Saboda haka dubi abin da gwanayen suke yi. Hannu ɗaya a ɗaga shi sama ya kama reshe, ya bi jijiya, kuma ya sami abin riƙo a ƙarshensa. Ɗayan a sauke shi ya kwanta a cinya, ko a naɗe shi ya taɓa ɗan kunne, gwiwar hannun ta tsaya kusa da haƙarƙari. Gyalen da kake gani yana kaɗawa daga kafaɗa zuwa kwankwaso, wanda mai kallo ke ɗauka iska ce ta ɗebe shi, gada ce aka bari tsakanin gaɓoɓi biyu masu rauni. Kitson da ya zubo ya taɓa kafaɗa yana tallafe wuya. Aku da ke kan dantse, da madubi da ke jingine da kumatu, kowanne yana cike wani gurbi da in an bar shi fayau zai tsage. Gittawar ƙafa ita ce ta fi burge ni. Idon sawu shi ne wuri mafi siranta a jikin duka, kuma shi ke ƙasa, inda nauyi yake taruwa. Da aka gitta ƙafafun sai ƙauri biyu suka haɗu suka zama dunƙule ɗaya, aka kuma ɗaura musu mundaye masu kauri. Mai rawa tana gitta ƙafa don yanga, masassaƙi yana gitta mata don kada ta karye, kuma a aikin gwani ba za ka iya raba dalilan biyu ba.

Sannan a tuna aikin da aka ɗauke ta yi. A Katmandu da Patan rufin gidajen bauta hawa-hawa ne, da tayal na yumɓu da aka shimfiɗa kan laka, ga nauyi, ga leɓen rufin ya zarce bango da nisa saboda ruwan damina. Abin da ke riƙe da leɓen shi ne matokari, katako na itacen sal da aka kafa a karkace daga bango zuwa bakin rufi. A fuskar wannan katakon ake sassaƙa ta, a bar bayansa cikakke ba a taɓa ba, domin shi ne ƙashin da ke ɗaukar kaya. A ƙasa akan sa wani ɗan wada a tsugune, ta taka shi. A sama ganyen bishiya ya buɗe ya tari gungumen rufi. Siririn tsakiya, faɗi a kai da gindi: siffar matokari ce tun kafin ta zama siffar mace. Tsofaffin matokaran Uku Bahal a Patan su ne ma'aunina. Dogaye ne, sirara, hannu biyu kacal, adon kaɗan, kuma lanƙwasar ba ta wuce faɗin katakon ba ko da yatsa ɗaya. Na zamanin sarakunan Malla da suka biyo baya, masu hannuwa takwas da goma da aka sassaƙa daban aka kafa da turaku aka shafe da fenti, su ne masu ɗaukar hoto suka fi so. Je ka duba hotunan da kyau ka ƙirga guraben hannuwan da suka zube.

Akwai kuma batun inda mai kallo yake tsaye. An yi ta ne don a hango ta daga ƙasa, ana ɗaga kai. Shi ya sa akan ɗan ƙara girman kai da ƙirji, a sunkuyar da fuska, a sauke fatar ido. Marubuta da yawa sun fassara wannan sunkuyon da kunya, wasu da kwarkwasa. Mutumin da ke tsakar gida take kallo, shi ke nan. In aka ciro ta aka rataye a bangon gidan tarihi daidai ido, aka haska mata fitila ta gaba, sai ta zama mai ƙaton kai da gajerun ƙafafu, mai suka kuma ya rubuta cewa masassaƙin bai san awon jikin ɗan Adam ba.

Abu na ƙarshe a fasahar shi ne fata. Tsohon aiki da bakin kurfi ake gama shi, sara ƙanana a jere, kowanne da ɗan fili nasa da ke karɓar haske ta kusurwa daban. Idan rana ta juya, cinya da kafaɗa sai su yi kamar suna motsi. Duba sarƙar wuya kuma: a hannun gwani ba ta sauka tsakiyar ƙirji, takan zame gefen da jiki ya baro, alamar yanzun nan aka tsaya. A nan zan ba masu suka gaskiyarsu. Kasuwa ta cika da tarkace. Ana fitar da su da injin da kwamfuta ke sarrafawa, goma iri ɗaya sak, a goge da samfefa har sai duk sara ya mutu, a kwarara musu man sheƙi, a shafa baƙin shuni a lunguna don su yi kama da tsofaffi. Sarƙarsu a tsakiya take cif. Amma ba a yanke wa waƙa hukunci da bakin wanda bai iya ta ba. A Arumbabur da Kallakurici na Tamil Nadu har yanzu akwai zuriyar masu sassaƙa karusan biki da ke aiki da gungume ɗaya, ba haɗi, kuma gwamnatin Indiya ta yi wa aikin garuruwan biyu rajistar asali a 2020 da 2021.

Za a ce mini ai ƙololuwar wannan fasaha tana Belur, inda mata 38 suke jere ƙarƙashin leɓen rufi, huɗu kuma a ciki, wasu ma da sa hannun masassaƙansu, irin su Dasoja da ɗansa Cabana. Na ji. Mai madubin nan da kowa ke ɗauka hoto kyakkyawa ce. Sai dai dutsen Belur mai taushi ne lokacin da aka haƙo shi, yana yarda da duk abin da aka ce masa, kuma abin da ba ya musu ba ya koya wa mai shi komai. An huda ganye, an huda sarƙa, an rataya ado kan ado har kwalliya ta danne rawar. Kuma dubi yadda aka kafa su: a karkace, tsakanin kan ginshiƙi da leɓen rufi, daidai mazaunin matokarin itace, alhali ginin bai dogara da su ba. Dutse ne yake kwaikwayon aikin da itace ya saba yi da gaske.

Hujjar ba ta tsaya a Belur ba. Ƙofofin Sanci an harhaɗa su ne da tsarin kafinta, ginshiƙi da gicciye da kafi, kamar ba dutse ba, kuma rubutun da ke ƙofar kudu ya ce masu sassaƙar hauren giwa na Bidisha ne suka yi wani sashenta. A kogon Karle da na Baja an fafe dutse an yi rufi mai baka, rufin da ba ya bukatar tallafin komai, amma sai da aka kawo haƙarƙarin itace aka jera a ciki, wasu suna nan har yau. Mutanen da hannunsu ya saba da itace ne suka koma dutse, suka tafi da ɗabi'unsu. To me zai hana macen da ke riƙe da reshe, mai gittacciyar ƙafa, ta kasance cikin kayan da suka ɗauko?

Masana rawa za su kawo mini littafin Bishnudarmottara, inda mai hikima Markandeya ya gaya wa sarki Bajra cewa ba a iya sassaƙa sai an san zane, ba a iya zane sai an san rawa. Za su ƙara da motsi 108 na littafin Natyashastra da aka jera a ƙofofin Cidambaram. Ban musa ba, rawa ce ta kawo motsin. Amma cikin wannan ɗari da takwas akwai tsalle, akwai juyi, akwai wurgi da ƙafa sama. Me ya sa tsayuwa ɗaya ta rinjayi sauran, ta bazu daga Gujarat har Nefal? Amsata ita ce katako ne ya yi zaɓen. Ya karɓi abin da zai zauna cikin faɗinsa, ya bi jijiyarsa, ya ƙi sauran. Daga baya abin ya juyo: lokacin da Kelucharan Mohapatra da abokansa suka farfaɗo da rawar Odisi a shekarun 1950, jikin bangon gidajen bauta suka je suka duba, kuma tiribanga na cikin ginshiƙan rawar a yau. Padma Subrahmanyam ma daga sassaƙa ta sake gina waɗancan motsi 108. Taurarin fim irin su Vyjayanthimala da Hema Malini da rawar gargajiya aka raine su. Wanda ya ga Amrapali na 1966 ya ga afsara tana numfashi. Yarinyar nan ta waƙar fim da ke kama reshe ta gitta ƙafa ta karkata kai, wadda muke yi wa tsiya da rawar zagaya bishiya, wadda Kannywood ta ara ta sa mata atamfa da mayafi, ni dai matokarin Patan nake gani a jikinta. Abin da masu shirya rawar finafinanmu suka bari a hanya shi ne tsayawar. Sun ɗauki kaɗa jiki, sun manta cewa daɗin abin yana cikin daƙiƙar da aka daskare.

Mu a Borno ba baƙin itace ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, lokacin tana cikin jihar Borno, ya ci karo da kwalekwale na maɗaci mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka auna shekarunsa kusan 8,000. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994. Babu jirgin ruwa da ya girme shi a Afirka, kuma tsinin goshinsa ya nuna wanda ya sassaƙa shi ba ranar ya fara ba. Masassaƙanmu sun bar siffar mai rai, da dalilinsu, amma ilimin bai bar hannunsu ba. Wanda zai yi ƙotar gatari ba ya ɗaukar miƙaƙƙen ice ya sare shi ya lanƙwasa. Yakan shiga daji ya nemo reshen da ya tanƙwara da kansa, mai ƙulli a kai, domin jijiya ta bi lanƙwasar, kada ƙotar ta tsage ranar da aka kafa mata ruwa. Wannan shi ne lissafin da ke cikin hannun afsara da ya kama reshe, ba ragi ba ƙari. Haka mai turmin ƙirya, da mai allon aduwa, da mai kwacciyar sirdi, da mai kujerar mata da ake fafewa daga gungume ɗaya. Su ma hukuncin Birdwood ne a kansu: sana'a, ba fasaha ba. Bambancin kawai, su ba su sami Coomaraswamy ba, kuma roba da alminiyam sun kori akushi daga kwanon cin abinci, masu gawayi sun bi ƙirya, dajin da ake samo ice kuma tun 2009 shigarsa sai da kasada saboda rashin tsaro.

Da ni ke tsara darasin sassaƙa a Jami'ar Maiduguri, da hotunan Uku Bahal zan ajiye gefe guda, ƙotoci da kujeru daga Kasuwar Monday ɗaya gefen, in hana ɗalibai samfefa shekara guda, in sa su nuna mini da yatsa inda jijiya ta bi a kowanne. Ice kuwa ba sai an yi oda ba. Dogon yaron da ya yi wa titunan Yerwa rumfa ɗan Indiya ne, a 1928 aka fara dasa shi a lardin Borno. Da shi ake sassaƙa Jagannat na birnin Puri, wanda aka sabunta a 2015, yana kuma cikin itatuwan da masassaƙan Arumbabur ke aiki da su, ga shi gara ba ta cika son sa ba. A nan in an sare shi, masu gidan burodi da masu tuyar ƙosai ne ke rigengen saye.